Sojan Dalma da Takardar Lauya: Wa Ya Mallaki Dodon da Ke Kan Tebur?

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma waɗanda suka fi jin daɗin karatu.

Yau zan kai ku wata harka da na san da yawanku ba ku taɓa leƙawa ba. A Ingila da Amurka da sauran ƙasashen Turai akwai manyan mutane, magidanta da gemunsu, waɗanda ke sayen 'yan ƙananan mutum-mutumi na sojoji da dodanni, tsayin kowanne bai kai rabin ɗan yatsa ba. Mutum zai zauna ya yi musu fenti da ɗan siririn burushi, ya jera su a kan tebur, abokinsa ma ya jera nasa, a gwabza yaƙi. Da tef irin na tela ake auna tafiyar soja, a jefa ɗan ludo a ga ko harbinsa ya samu. Wasu kuma ba sa wasan ma, tarawa kawai suke yi su adana a kabad ɗin gilashi.

Za ka ce ai wannan wasan yara ne. To kamfanin da ya fi kowa girma a harkar, Games Workshop na garin Notingham, a watan Disamba 2024 ya shiga jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jari ta Landan. Da sojojin roba fa! Abin da ya ja hankalina shi ne, idan ka bi tarihin harkar nan, rigimarta ba ta taɓa zama a kan dalma ko roba ba. Kullum a kan suna ake faɗa: wa ke da ikon ƙera wannan dodon, ya kira shi da wannan sunan, ya sayar? Wannan shi ne labarinmu na yau.

Mu fara daga tushe. A 1893 wani kamfanin iyali a Landan, na gidan William Britain, ya fito da dabarar zuba sojan dalma mai rami a ciki. Ana zuba narkakkiyar dalma a mazubi, a juye ta tun cikin bai daskare ba, sai a samu soja marar nauyi kuma mai araha. Nan da nan suka fara ƙwace kasuwa daga hannun Jamusawa. Kun san halin kasuwa, abu na fara tafiya masu kwafa za su fito. Kuma kwafar sojan dalma ba wuya: ka sayi ɗaya, ka yi sabon mazubi da shi, shi ke nan ka zama kamfani.

Gidan Britain suka kai ƙarar wasu masu kwafa, kamfanin Hanks, aka yi shari'a a 1902. Tambayar da ke gaban kotu ita ce, shin ɗan sojan wasa yana cikin abin da doka ke kira sassaƙa? Akwai wata tsohuwar doka ta 1814 da ke kare aikin masu sassaƙa, da sharaɗin mai aikin ya sa sunansa da kwanan wata a jikin abin. Kotu ta ce eh, sojan nan sassaƙa ne, ba a kwafarsa sai da izini. Shi ya sa idan ka juya tsofaffin sojojin Britain na wancan zamani za ka ga suna da kwanan wata a ƙarƙashin ƙafarsu. Ku riƙe wannan ɗan rubutu na ƙarƙashin ƙafa, za mu dawo kansa.

A lokacin nan sojojin duk na tarihi ne: dakarun Sarauniya, mahaya dawakin Napoleon, da makamantansu. Ko da marubuci H. G. Wells ya fitar da littafinsa na dokokin yaƙin tebur, Little Wars, a 1913, da irin waɗannan sojoji ake bugawa. Kuma sojan tarihi ba shi da mai shi. An hana ka kwafar wanda wani ya sassaƙa, amma ba wanda zai hana ka sassaƙa naka sojan Napoleon ɗin. Matsala ta taso ne ranar da 'yan wasa suka fara son sojojin da suka fito daga ƙwaƙwalwar mutum ɗaya.

Mutumin nan shi ne J. R. R. Tolkien, malamin jami'ar Oksfod. Ya fitar da The Hobbit a 1937, sannan The Lord of the Rings a 1954 da 1955. A 1969, yana dattijo, ya sa hannu a wata takarda da ta sayar wa kamfanin fim na United Artists haƙƙin yin fim da wasan dandamali da kayan sayarwa daga littattafan nan biyu, a kan kuɗi kimanin fam dubu ɗari da wani kaso na riba. Ya rasu a 1973. A 1976 wani mai shirya fim a Kalifoniya, Saul Zaentz, ya sayi wannan haƙƙi, ya buɗe wani sashe mai suna Tolkien Enterprises don kula da shi. Kun ga daga nan duniyar Tolkien ta rabu biyu. Littattafai suna hannun iyalinsa da mawallafinsa. Fim da kayan wasa suna hannun wani mutum a Amurka da bai rubuta ko layi ɗaya a ciki ba.

Ana cikin haka, matasan Amurka sun haukace da littattafan. A 1971 Gary Gygax da Jeff Perren suka fitar da dokokin yaƙin tebur na zamanin takobi, Chainmail, suka liƙa wani ɗan babi a ƙarshe na yadda za ka sa matsafa da dodanni a fagen. Wannan ɗan babin ne ya haifi Dungeons & Dragons, wanda Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974 ƙarƙashin kamfanin TSR. A bugun farko-farko, hobbit yana ciki da sunansa, haka ent, wato bishiya mai tafiya, haka balrog, dodon wuta. Ba wanda ya nemi izinin kowa. Masu zuba dalma ma haka. Kamfanin Minifigs na Ingila ya fitar da jerin 'yan mutum-mutumi ya sa musu suna Mythical Earth. Duk wanda ya karanta littafin ya san Middle-earth ake nufi, an dai karkata sunan ne kaɗan yadda ba za a kama hannu ba.

Wasan ɓuyan nan bai daɗe ba. TSR suka yi wani wasan allo a kan yaƙin runduna biyar da ke ƙarshen The Hobbit, sai ga takardar lauyoyin ɓangaren Zaentz a 1977. Kamar yadda Gygax ya ba da labari daga baya, jerin kalmomin da aka nemi su cire har da elf da dwarf da goblin da orc da dragon. TSR suka tirje a kan waɗannan, domin kalmomi ne da suka girmi Tolkien, akasarinsu daga tatsuniyoyin Turai na dā suka fito, kamar yadda mu ba wanda zai ce shi ya mallaki Gizo da Ƙoƙi. Aka yi sulhu. Hobbit ya koma halfling, ent ya koma treant, sunan balrog ya fita daga littafi. Sauran kuwa suka zauna.

Jama'a, wannan sulhu shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. An kulle 'yan sunaye kaɗan, an bar elf da dwarf da orc a fili kamar rijiyar unguwa, kowa ya zo da gugarsa. A kan kalmomin nan aka gina masana'antar gaba ɗaya.

Su kansu TSR da suka sha wannan mari, darasin da suka ɗauka shi ne suna kuɗi ne. Sai suka fara sayar da nasu. Kamfanin dalma zai biya su, su ba shi lasisi ya rubuta a kwalinsa cewa kayansa su ne na ainihi na wasan. Minifigs, waɗancan masu karkata suna, su suka samu a 1977. A 1980 ya koma hannun Grenadier. Bayan 'yan shekaru TSR suka karɓe suka ce su za su riƙa zuba nasu, abin bai yi nisa ba. A 1985 ya tafi wurin Citadel na Ingila, a 1987 ya koma Ral Partha na Amurka, waɗanda suka riƙe shi kusan shekara goma, har Wizards of the Coast suka sayi TSR a 1997, daga baya wannan alaƙa ma ta ƙare.

Ku dubi abin ta idon mai sassaƙa. Ya yi makonni yana fitar da fuskar dodo da ɗan tsinke, an yi mazubi, kaya sun karɓu. Ranar da wa'adin takarda ya cika, mazubin na nan lafiya lau, dalma na nan, masu saye na nan, amma ba shi da ikon zuba ko guda ɗaya da wannan sunan. Kayan aro ba ya rufe katara. Daga nan ne kuma harkar masu tarawa ke samun kuzari. Jerin da Citadel suka yi wa TSR bai wuce shekara biyu a kasuwa ba, don haka yau nemansa ake yi. Bugun Dungeons & Dragons da ke ɗauke da kalmar hobbit ya fi na bayansa daraja a wurin masu tarawa. Takardar lauyan da ta kashe kaya a shago ita ke tsadar da su a hannun wanda ya adana. Kuma inda aka samu tsada, mai jabu zai biyo: ya samu na ainihi ɗaya, ya yi mazubi, ya zuba ɗari, daidai abin da aka yi wa gidan Britain. Masu tarawa sun koyi gane na jabu ta layin zubi da ya ninku biyu, da fuskar da ta dusashe, da ɗan rubutun nan na ƙasa da ba ya karantuwa.

To yanzu ga jarumin labarin. Na ambaci Citadel, bari in faɗa muku ko su wane ne. A 1975 wasu abokai uku a Landan, John Peake da Ian Livingstone da Steve Jackson, suka kafa Games Workshop a ɗakin da suke haya. Da Dungeons & Dragons ya faɗo hannunsu, suka yi odar kwafi shida kacal, iya ƙarfinsu ke nan. A kan wannan oda Gygax ya ba su ikon zama dillalansa su kaɗai a Turai na shekara uku. Wato da takardar izinin wani kamfanin ya tashi. A 1977 suka fara mujallar White Dwarf, a 1978 suka buɗe shagon farko a unguwar Hammersmith, sannan suka haɗa hannu da Bryan Ansell aka kafa Citadel Miniatures a garin Newark don zuba dalma.

Citadel na farkon shekarun 1980 kamar shagon haya ne. Suna zuba kayan Ral Partha a Ingila da lasisi. Sun yi na Judge Dredd, sun yi na Doctor Who, sun yi na Elric, jarumin marubuci Michael Moorcock, a 1985 ma sun yi na The Lord of the Rings da izini. Amma Ansell ya gane abin da muka gani ɗazu, cewa mai haya ba ya kwana da ido biyu rufe. Kuma ga wani lissafi: mai buga Dungeons & Dragons 'yan mutum-mutumi kaɗan sun ishe shi, amma mai buga yaƙi runduna guda zai saya. Sai a 1983 Ansell da Richard Halliwell da Rick Priestley suka fitar da wasan kamfanin na kansa, Warhammer. A 1987 aka fitar da ƙanensa na sararin samaniya, Warhammer 40,000. Daga baya, shagunan Games Workshop suka daina sayar da kayan kowa sai nasu.

Da me aka gina Warhammer? Da ruwan rijiyar unguwar nan. Elf, dwarf, orc, har da halfling. Alamar rundunar Chaos mai kibiya takwas, daga littattafan Moorcock ta samo asali. Wanda ya karanta Dune zai ga inuwarsa a Warhammer 40,000. Ban faɗi wannan don in rage musu daraja ba, sun ɗauki kayan da kowa ya sani sun dafa abin da ke da ɗanɗanon kansa, kuma haka duk wani mai ƙirƙira yake yi. Ku dai ajiye shi a ranku.

A 2001 suka sake shiga haya, amma wannan karon gidan sama. Fim ɗin farko na Peter Jackson zai fito, Games Workshop suka samu lasisi daga New Line Cinema na yin wasan yaƙin The Lord of the Rings. Tagwayen nan Alan da Michael Perry da Brian Nelson suka sassaƙa 'yan mutum-mutumi masu kama da 'yan wasan fim ɗin sak, har daga baya aka sa su a matsayin mahayan Rohan a fim na uku. Aka haɗa kai da kamfanin De Agostini ana fitar da mujalla duk sati biyu da 'yan sojoji liƙe a bangonta, ana tallata ta a talabijin. Yaran da ba su taɓa jin sunan Warhammer ba suka cika shaguna.

Amma takardar tana da iyakoki, kuma iyakokin sun shigo har kan tebur. Ba a yarda ɗan wasa ya cire kan sojan Warhammer ya liƙa a jikin na The Lord of the Rings ya shiga gasar kamfanin da shi ba, alhali irin wannan gyare-gyare shi ne rabin daɗin harkar. Da aka faɗaɗa lasisin ya haɗa da littattafai ta hannun Tolkien Enterprises, sun samu damar yin irin su Tom Bombadil da Glorfindel waɗanda fim ya tsallake. Amma jaruman The Silmarillion, littafin da ɗan Tolkien, Christopher, ya fitar a 1977, ba su taɓu ba, saboda ba ya cikin takardar 1969. Duniya ɗaya, marubuci ɗaya, amma wane jarumi za ka iya riƙewa a hannunka ya danganta da sa hannun da aka yi tun ba a haifi yawancin 'yan wasan ba. Da finafinan suka ƙare kuwa, daga 2005 ciniki ya fara gangarowa, shugabannin kamfanin da kansu suka kira abin da ya wuce kumfa. Wasan na nan har yau, tun 2018 sunansa Middle-earth Strategy Battle Game, amma kamfanin ya ƙara tabbatar da cewa arzikinsa na cikin abin da ya mallaka.

Yanzu sai reshe ya juye da mujiya. A jihar Teksas akwai wani ɗan ƙaramin kamfani, Chapterhouse Studios, da ke ƙera kayan ƙari na sojojin Warhammer 40,000: sulken kafaɗa, kawuna, ƙofofin tankar yaƙi. Sun kuma lura cewa a littattafan dokokin wasan akwai dodannin da aka rubuta yadda suke faɗa amma kamfanin bai taɓa ƙera su ba, sai suka ƙera suka sayar. A Disamba 2010 Games Workshop suka maka su a kotun tarayya ta Shikago. Kowa ya ɗauka ɗan kamfanin zai durƙusa kafin a fara, sai wani babban ofishin lauyoyi, Winston & Strawn, ya ɗauki shari'arsa kyauta.

A zaman shari'ar aka riƙa tambayar da Zaentz ya sha a 1977, amma yanzu Games Workshop ake yi wa. Wannan siffar, ku kuka ƙirƙira ko kun tsinta? Kibiya da ƙoƙon kai da lambobin Rumawa na wane ne? A Yuni 2013 masu taya alƙali yanke hukunci suka raba gardama. A wasu kayan sun ce an yi kwafa, aka ci Chapterhouse tarar dala 25,000. Amma a mafi yawan ƙorafe-ƙorafen, kusan kashi biyu cikin uku, ɗan kamfanin ne ya yi nasara, har da cewa a lokuta da dama ba laifi ba ne ka rubuta cewa kayanka suna shiga jikin sojan Warhammer. A 2014 suka sasanta a tsakaninsu.

Ana tsakiyar wannan kuma aka yi wata. A ƙarshen 2012 Amazon suka sauke littafin wata marubuciya, M. C. A. Hogarth, mai suna Spots the Space Marine, saboda Games Workshop sun ce Space Marine alamar kasuwancinsu ce. Marubuta suka yi caa, aka tono cewa tun 1932 wani marubuci, Bob Olsen, ya sa kalmar a sunan labarinsa, shekara 55 kafin Warhammer 40,000. Ƙungiyar kare haƙƙin masu amfani da intanet ta EFF ta sa baki, a Fabrairu 2013 littafin ya dawo kasuwa. Bahaushe ya ce wanzami ba ya son jarfa. Kamfanin da ya girma da aro, shi ne yau ke tsaye a bakin rijiya da sanda.

Ko a gida Ingila ƙasar ta ɗan motsa. A 2011 Kotun Ƙoli ta Birtaniya ta yanke hukunci tsakanin Lucasfilm da Andrew Ainsworth, mutumin da ya ƙera hulunan fararen sojojin Star Wars a 1976 kuma yake sayar da irinsu. Kotu ta ce hular nan kayan aikin fim ce, ba sassaƙa ba. Abin da aka ɗauka an gama tun 1902, ashe ba kowane abu ya rufe ba.

To me Games Workshop suka yi? Ku kalli abin da ya biyo baya ku yi hukunci. Dodannin da ke da doka amma ba su da mutum-mutumi suka ɓace daga sababbin littattafai, ƙofar da Chapterhouse suka shiga ta rufu. A 2014 rundunar Imperial Guard ta zama Astra Militarum. A 2015 kuwa aka yi babba: kamfanin ya rubuta labarin tashin duniyar Warhammer, wadda aka shekara 32 ana ginawa, ya tarwatsa ta, ya fito da sabon wasa Age of Sigmar. A cikinsa orc ya zama orruk, elf ya zama aelf, dwarf ya zama duardin, ogre ya zama ogor. Masu bibiyar harkar ba su sha wahalar fassara ba: orc na kowa ne, orruk kuwa mai shi ɗaya ne. A 1977 an canja hobbit zuwa halfling don a tsere wa mai haƙƙi. A 2015 an canja orc zuwa orruk don a zama mai haƙƙi.

Wanda ya ji a jikinsa shi ne ɗan wasa. Mutum ya shekara goma yana tara runduna, ya kashe kuɗi, ya ɓata dare yana fenti, ya wayi gari wasan da ya yi wa tanadin babu shi, wasu rundunonin ma an daina ƙera su. Daga cikin fushin nan ne wasu suka koma wasannin wasu kamfanoni, wasu suka rubuta dokokinsu na sa-kai. Sai a Janairu 2024 kamfanin ya dawo da tsohuwar duniyar da sunan The Old World. Sojan naka ne, ka saye shi, amma duniyar da yake rayuwa a ciki ta wani ce.

Ta fuskar kuɗi dai lissafin kamfanin ya fita. Yanzu shi ke ba da lasisi, masu wasannin kwamfuta ke layi a ƙofarsa, a Disamba 2024 ya kammala yarjejeniya da Amazon ta yin finafinan Warhammer 40,000 tare da Henry Cavill. A 2021 ya fito da ƙa'idar hana magoya baya yin katun na duniyarsa, abin da ya jawo surutu sosai. Sabon ciwon kansa shi ne firinta mai fitar da abu a zahiri, wadda mutum zai sauke fayil ya buga runduna a ɗakinsa. Masu zana fayilolin nan kuma me suke yi? Suna karkata suna kaɗan, kamar yadda Minifigs suka yi da Mythical Earth shekara hamsin da suka wuce.

Ita kuwa takardar 1969 ba ta mutu ba. A 2012 iyalin Tolkien suka kai ƙarar Warner Bros da kamfanin Zaentz suna neman dala miliyan 80, suna cewa abin da aka sayar haƙƙin kayan da ake taɓawa ne da hannu, irin su 'yan mutum-mutumi da tufafi, bai haɗa da wasannin intanet da injinan caca ba. Sai 2017 aka sasanta. A 2022 kamfanin Embracer na Suwidin ya sayi haƙƙin gaba ɗaya, daga baya aka bayyana farashin, dala miliyan 395. Abin da dattijon ya sayar kimanin fam dubu ɗari.

Su tagwayen Perry fa? A 2014 suka bar Games Workshop bayan fiye da shekara talatin. Duk abin da hannunsu ya sassaƙa a can, can ya zauna, domin aikin ma'aikaci na kamfani ne. Suka mai da hankali a kan nasu kamfanin, Perry Miniatures, kuma sojojin tarihi suke yi: na Napoleon, na yaƙin basasar Amurka, har da Ansaru na Mahadin Sudan. Sun koma inda babu mai karɓar kuɗin haya.

Ban kawo muku labarin nan don in ce haƙƙin mallaka zalunci ne ba. Ba don shi ba da masu kwafa sun cinye gidan Britain tun 1902, kuma mai zuba jabu ba gwarzo ba ne, gumin wani yake ci. Na kawo shi ne saboda na san cikin masu karanta wannan akwai marubutan onlayin, akwai masu zane, akwai masu haɗa katun a waya. Wata rana wani zai zo ya ce zai sayi labarinki, 'yar uwa, ya karanta a YouTube ko ya mai da shi fim. Kafin a sa hannu a tambaya: me da me aka saya, littafin kaɗai ko har da sunayen jarumai? Na shekara nawa? A wace kafa, har da wadda ba a ƙirƙiro ba tukuna? Idan wa'adi ya cika, wa abin zai koma wa? Tolkien farfesa ne, da mawallafi da masu ba shi shawara, amma shekara 43 bayan sa hannunsa iyalinsa na kotu a kan ma'anar 'yan kalmomin da ke takardar.

In kuma akwai wani sojan roba ko motar wasa ta ƙanenka a kusa, ɗauko ka juya ƙasanta. Za ka ga ɗan rubutu, ƙaramin da'ira da harafin C a ciki, da suna, da shekara. In ba ka ga komai ba, to wannan ma labari ne.

Nan za mu dakata. Ku tura wa duk wani marubuci ko mai zane da kuka sani.